Ƙa'idar Malam da Ƙwan Zabin Iya Hanne

Har gobe ban manta da ranar da muka shiga gidan makoki da kwamfuta a jaka ba. Ku sababbin shiga kuna ta tambayata me ya sa a wannan ofis ko Malam ne da kansa ya rubuta ƙa'ida sai an ɗora ta a kan na'ura an gwada, a kuma faɗa masa sakamakon baki da baki. To ku ajiye wayoyin nan ku gyara zama, yau zan gaya muku mafarin abin.

A lokacin mu huɗu ne kacal, a ɗaki biyu da muke haya nan cikin gari, kusa da Ƙofar Doka. Aikinmu na'urar ƙyanƙyasar ƙwai mai amfani da sola, don mutanen ƙauye da ba su da wuta. Malam Iro shi ne shugaba, shi ya kafa wurin bayan ya yi ritaya daga koyar da lissafi a jami'a. Sai Mustafa, mai rubuta manhajar da ke tuƙa na'urar. Sai Dakta Rabi, wadda ba ta daɗe da dawowa daga karatu ba. Sai ni Garba, sarkin waya da dalma, ni ke haɗa na'ura, ni ke ɗaure ta a bayan babur in kai ta ƙauye.

Abin da ba ku sani ba, Mustafa mijin 'yar Malam ne. Kuma ba irin surukutar zamani ba, wadda za ka ga suruki da suruki suna musun ƙwallo. Mustafa ba ya cin abinci in Malam na ofis. In Malam ya shigo, zai zame daga kujera ya durƙusa ya gaishe shi, ko da kuwa sun gaisa a masallaci da asuba. Ban taɓa jin ya ambaci sunansa ba. Nakan tsokane shi in ce, “Kai Mustafa, in ka ga rigar Malam ta kama da wuta ma, sai ka aika a gaya wa matarka ta gaya wa mahaifiyarta.” Sai ya yi murmushi ya ce, “Garba, ka bari kawai.”

Yanzu bari in yi wa na sashen talla bayani, don na ga suna zare ido. A cikin na'urar akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta kai farcen babban yatsa ba. Ita ke auna zafi, ita ke kunna hita, ita ke kashewa. Abin da Mustafa ya rubuta ba ta jin sa kai tsaye, sai kwamfaila ta fassara mata. Kwamfaila kuma ba fassara kawai take yi ba, tana taƙaita lissafi a hanya don manhajar ta shiga ɗan wurin da ake da shi. Da ƙa'idoji take wannan taƙaitawar, kowace ƙa'ida tana cewa: in kin ga lissafi kaza, daidai yake da kaza, mayar da shi haka.

Matsalar ita ce wace ƙa'ida za ta riga wace. A tsohon tsarinmu ƙa'idojin a jere suke daga sama zuwa ƙasa, kowacce in ta canja lissafi sai ta jefar da tsohuwar siffarsa. Ga misali. Wata ƙa'ida ta ce lamba sau biyu, a mayar da ita lamba a tara da kanta, ya fi sauri. Wata kuma ta ce lamba sau biyu raba biyu, ai lambar ce kawai, a share sauran. In ta farko ta riga aiki, sai ta biyu ta zo ba ta ga “sau biyu” ba, ta wuce abinta, an yi asarar taƙaitawa mai kyau. Ka sauya jerin don gyara wannan, sai ka ɓata wani can. Mun sha wannan wahalar har muka gaji.

Da muka koma amfani da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai araha, wadda ta fi ta da ƙanƙanta, manhajarmu ta ƙi shiga. Mustafa ya juya jerin nan sama da ƙasa, a banza. Nan ne Dakta Rabi ta kawo dabarar da Turawa ke kira equality saturation, mu kuma muka raɗa mata suna tara-ka-zaɓa. A wannan dabara ba a jefar da komai. Duk siffar da wata ƙa'ida ta ce daidai take da wata, sai a ajiye su wuri ɗaya, kamar 'yan ɗaki ɗaya. A yi ta sakin ƙa'idoji duka a kansu, babu ta gaba babu ta baya, har a kai inda ba wata sabuwar siffa da ke fitowa. Sannan a duba kowane ɗaki a zaɓi siffar da ta fi sauƙi. Shi ke nan rigimar jeri ta mutu.

Kafin ta fara, a gabana ta tambayi Mustafa, “Ƙa'idojin nan duka ingantattu ne? Don wannan dabarar duk abin da aka gaya mata yarda take yi.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yawancinsu ai na Malam ne.”

Ita ta ɗauka amsa ce. Ni ma haka na ɗauka.

Manhaja ta fito 'yar ƙarama, ta shige har da sauran wuri. Muka gwada ta a ofis, zafi na tsayawa inda ake so, tire na juya ƙwai a kan lokaci. Malam ya sa mata hatimi. Hatimin nan wani ɗan filas ne na kwamfuta da ke cikin makullansa, na'urarmu ba ta karɓar manhajar da ba ta bi ta kansa ba, kuma shi ba ya sa shi a kan abin da bai gane ba. Na ɗauki na'urar farko mai sabuwar ƙwaƙwalwar na kai wa Malam Sale, wani manomi a ƙauyen da ke bayan rafi, wanda ya yarda a yi gwaji a gidansa.

Damina ce, zabi na ta zuba ƙwai. Malam Sale ya bi gida gida ya roƙi matan ƙauyen su ba shi ƙwansu amana, maimakon su sa wa kaji su kwanta musu. Wadda ta fi ba shi wahala wata tsohuwa ce, Iya Hanne. Zabin nan su ne dukiyarta, da su take riƙe kanta ba ta roƙon kowa. Da kanta ta kawo ƙwan a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, kowane ta shafa masa gawayi don kada ya ɓace a cikin na mutane. Ta ce lallai nata a tiren sama za a sa, kada na wasu su danne su. Na ce, “Iya, ƙwai ba ya danne ƙwai a nan.” Ta ce, “Kai dai sa min a sama.” Na sa mata. Bayan sallar Azahar muka rufe ƙofar na'urar, ta fara ƙirga kwanakinta.

Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan labarin. In ya rage kwana uku a ƙyanƙyashe, na'urar takan koma wani mataki dabam da kanta: ta daina juya ƙwai, ta ƙara danshi, ta riƙa auna zafi da wani lissafin. Wannan matakin ba mu taɓa zama mun jira shi a ofis ba.

Ranar da za ta koma wannan matakin, Malam ba ya ofis. Yayansa ya rasu, ana zaman makoki a gidansu a Limancin Kona, mu ma mun je jana'iza mun dawo. Da hantsi ina liƙa waya sai na ji Dakta Rabi ta ce, “Innalillahi.” Ba da ƙarfi ba, amma irin wadda ke sa gaban mutum ya faɗi.

Ta ce tun farko ƙanƙantar manhajar na damunta, ido ba mudu ba ya san kima. Shi ya sa ta buɗe ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Ta juyo min da kwamfutar ta ce, “Malam Garba, duba nan. Lissafin zafin kwanakin ƙarshe da sifiri suna ɗaki ɗaya.”

Na ce, “Yi min da Hausa, Dakta.”

Ta ce, “Da zarar ta shiga matakin ƙarshe, kome zafin da ke ciki, sifiri za ta gani. Za ta ɗauka ƙwan na cikin ƙanƙara. Za ta kunna hita, ba za ta kashe ba.”

Na ce, “Yau ne fa! Bayan Azahar!”

Na kira Malam Sale. Wayar ba ta shiga. Ƙauyen nan sai ka hau dutsen bayan gari kake samun sabis, shi kuwa a irin wannan lokaci yana gona. Na kira, na sake kira, har kunnena ya yi zafi. Ko da ta shiga ma, me zan ce masa? Ya kashe hita kwana uku? Sanyi ya kashe abin da zafi bai kashe ba. Tsohuwar manhaja kuwa ba ta shiga wannan ƙwaƙwalwar, balle a koma mata.

Dakta ta gano ƙa'idar da ta jawo abin. Cewa take: lamba sau kaza raba kaza, daidai yake da a fara rabawar sannan a ninka. A kan allo gaskiya ce tsantsa. Amma 'yar ƙwaƙwalwarmu ba ta san rabi da kwata ba, cikakkiyar lamba kawai ta sani, ragowa zubar da ita take yi. Takwas sau uku raba huɗu, shida ke nan. In ka fara da uku raba huɗu, a wurinta sifiri ne, takwas sau sifiri kuma sifiri. Dabarar Dakta kuwa an gaya mata su biyun ɗaya ne, ta yarda, ta duba ta ga babu abin da ya kai sifiri sauƙi, ta zaɓe shi.

Ta cire ƙa'idar ta sake haɗa manhaja, ko shayina bai huce ba ta gama. Saura hatimi. Sai a lokacin na lura da Mustafa. Yana tsaye jikin bango, gumi na bin wuyansa. Dakta ta ce, “Ƙa'idar wa ce wannan?” Ya kalli kujerar Malam.

Na ɗauki Mustafa a babur, Dakta ta tari keke ta biyo mu. Lungunan cikin gari duk ruwa ya kwanta, ga masu zuwa gaisuwa sun cika ƙofar gidan. Zauren cike da dattawa, malamai ne na unguwa da tsofaffin ma'aikata, ana ta addu'a. Wallahi na ji nauyin abin. Mutum na karɓar gaisuwar ɗan'uwansa, kai kuma ka zo masa da zancen ƙwai. Muka durƙusa muka yi gaisuwa, sannan na matsa na ce a hankali, “Malam, a gafarce mu, akwai larura.” Ya dube ni, ya dubi jakar, ya tashi muka shiga shigifa. Dakta tana can tana jira.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Ya saurara, idonsa ja saboda rashin barci. Da ta gama ya ce, “Rabi, wannan ƙa'idar tun ranar da muka buɗe wurin nan take ciki. Na'urori nawa muka fitar da ita? Ba wadda ta taɓa dafa ƙwai. Abu ɗaya ne sabo a nan, dabararki. In ita ce ke da aibu, cire ƙa'idata ba zai gyara komai ba, za mu dai kai musu wata ɓarnar ne da hatimina a kai.”

Ta ce, “Malam, lissafin ga shi nan.”

Ya ce, “Na ga lissafin. Tambayata ita ce, me ya hana ta ɓarna duk shekarun nan? Amsa min wannan in ba ku hatimi.”

Dakta ta koma duba kwamfutar. Kuma kada ku ce Malam taurin kai ya yi, tambayarsa daidai take. A waje na ji wani yana cewa rana ta yi, a fara haramar alwala. Na tuna ƙwaryar Iya Hanne da gawayinta. Na juya na kalli Mustafa, yana durƙushe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa kamar wanda ake yi wa aski. Na ce, “Mustafa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In akwai abin da ka sani, don girman Allah ka faɗa.”

Da muryarsa ta fito, da ƙyar muke jin ta.

“Baba, ni na hana ta.”

Malam ya ce, “Ɗaga murya.”

“Tun shekarar da na fara aiki na ga ba ta dace da na'urar ba. Na kasa faɗa, na kasa gogewa. Sai na rubuta wata na sa a samanta. Tawa takan riga ta canja wa rabawar siffa, in taku ta zo ba ta samun abin kamawa. Ba ta taɓa aiki ba ko sau ɗaya. Da aka kawo sabuwar dabara na ɗauka tawa na nan a sama tana tsare ta. Na manta yanzu babu sama babu ƙasa.”

Malam ya daɗe yana kallonsa. Ni dai na ga fuskar dattijon ta canja, ba fushi ba ne, wani abu ne da ya fi fushi ciwo. Ya ce, “Wato duk shekarun nan ina yabon ƙa'idar nan a gaban baƙi, kana zaune kana ji?”

“Ku yafe min, Baba.”

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullansa, ya zare filas ɗin ya miƙa wa Dakta. Ta sa hatimi a nan kan tabarma. Ya dube ni ya ce, “Garba, me kake jira?”

Ban san yadda muka fita gari ba. Mustafa na bayana rungume da jaka. Kwalta ta ƙare, muka faɗa laka, babur na rawa kamar zai zubar da mu. Kiran sallar Azahar a wani ƙauyen hanya ya same mu. Da muka isa rafi ya kawo, ruwa har cinya. Muka bar babur wurin wani mai rake, Mustafa ya ɗora jakar a ka, muka tsallaka, muka ƙarasa da gudu. Ni da ƙibata, ban san ina da gudu ba sai ranar.

Mun makara. Tun daga ƙofar ɗakin na ji warin katako mai zafi. Allon na'urar na nuna sifiri, jikinta kuwa ba ya taɓuwa ta sama. Na fizge wayar hita, na buɗe ƙofa zafin ya fita, Mustafa ya durƙusa ya ɗora sabuwar manhaja. Lambar zafi ta gaskiya ta fito, ta fara sauka a hankali. Na taɓa ƙwan tiren ƙasa, da ɗumi amma da dama-dama. Na taɓa na sama, na janye hannuna. Hita a sama take.

Malam Sale ya dawo daga gona ya tarar da mu jiƙe sharkaf. Na gaya masa gaskiya. Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai ya ce, “Amana ce fa, Malam Garba. Da wane ido zan kalli tsohuwar nan?”

Bayan kwana uku tiren ƙasa da na tsakiya suka fashe, 'yan zabi suka cika kwando suna kuka. Tiren sama ko ɗaya bai motsa ba. Duk masu gawayi ne.

Da aka tashi daga makoki, Malam ya ce a kai shi ƙauyen. Muka je mu uku, shi da ni da Mustafa, a mota har bakin rafi, sauran a ƙafa. Iya Hanne na zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Malam, da furfurarsa da rawaninsa, ya tsuguna a gabanta ya ce, “Iya, ni na yi kuskuren lissafin da ya ɓata miki ƙwai.”

Mustafa ya yi wuf ya ce, “A'a Iya, laifina ne, ni na gani na yi shiru.”

Malam ya ce, “Da ban rubuta ba, da ba abin da zai yi shiru a kai.”

Mustafa ya ce, “Da na faɗa, da Baba ya gyara.”

Tsohuwa ta bi su da kallo, wannan ta kalli wancan. Ta tambaye ni mene ne tsakaninsu. Na ce surukai ne. Ta ce in ba ta labarin yadda za ta gane, na ba ta iya iyawata. Ta ajiye gyaɗar ta kaɗe zaninta.

Ta ce, “To na ji. Kai ka ji kunyar surukinka, madalla, an yi maka tarbiyya. Kai kuma an rufa maka asiri shekara da shekaru, madalla, ka yi sa'ar suruki. Ni da ban aurar muku ba, ban aura a gidanku ba, ni ce na biya da zabina na bana.”

Malam ya yi alkawarin kawo mata wasu 'yan zabin, kuma ya cika, amma ta ce min ba irin nata ba ne, nata tun na mahaifiyarta take riƙe da irinsu, sai dai ta jira wata daminar.

A hanyar dawowa, a tsakiyar rafi, Malam ya tsaya ya riƙe kafaɗar Mustafa don kada santsi ya kwashe shi. Ban taɓa ganin ya taɓa shi ba sai ranar. Ya ce, “Gobe da safe, a gaban kowa, kai za ka goge ƙa'idar nan daga tsohon jerin ma. Da hannunka.” Haka kuwa aka yi. Mustafa ya goge ta yana durƙushe, kwamfutar a kan cinyarsa, don har yau ba ya zama a kujera in Malam na tsaye.

Abin da na koya a sana'ar nan ke nan. Tsohon tsari yana da gaba da baya, ana iya ɓoye kuskuren babba a bayan gyaran ƙarami, kowa ya tashi da mutuncinsa. Tara-ka-zaɓa ba ta da bayan da za a ɓoye komai, duk abin da ka bari a ciki ka shaida mata gaskiya ne. Ban ce ku daina kunya ba, mu 'yan cikin gari ne, da ita aka raine mu. Ku durƙusa, ku cire takalmi, ku sassauta murya, amma ku faɗa. In kun ji bakinku ya yi nauyi, ku tuna akwai wata tsohuwa a bayan rafi da ta shafa wa ƙwanta gawayi ta miƙa mana, kuma ba ta cikin ɗakin lokacin da ake jin kunyar.